ZAUREN IYALI: Baba Mai Ɗori Ya Kwanta Dama

Masu jiran amsar wasiƙunsu ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, don yau ta'aziyya ce ta kawo ni. Allah Ya yi wa dattijon nan na Kirikasamma da yara da manya ke kira Baba Mai Ɗori rasuwa, bayan ya sha fama da tsufa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman wannan rashi ba. Kirikasamma tana cikin masarautar Haɗeja, a jihar Jigawa da aka cire daga Kano a 1991, ƙasar fadama ce ta shinkafa da tattasai da kifi, inda ruwan kogin Haɗeja ke bazuwa ya nufi Nguru. Da rani tafiya ba wuya, amma idan damina ta yi nisa wasu ƙauyukan sai da kwale-kwale, kuma duk mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa hanyoyi. To a irin wannan wuri idan yaro ya faɗo daga tsamiya, ko sa ya tunkuyi makiyayi, ko amalanke ta kife da manomi, ko ɗan acaɓa ya zubar da fasinja, ƙofar farko da ake bugawa ta maɗori ce. Shekara da shekaru, ƙofar Baba ce wannan.

Sana'ar gado ce, a hannun mahaifinsa ya koya. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: karan dawa da yake tsagawa ya saƙa da zare kamar ƙaramin asabari, da farin ƙyalle, da man shanu, da addu'a. Zai zaunar da mutum kan tabarma a zaure, ya yi ta jansa da hira, yana tambayar gona da yara, hannunsa kuwa yana bin gaɓar a hankali har ya gane ko karaya ce, ko gocewar ƙashi, ko targaɗe kawai. Kafin mai ciwo ya ankara an ja an daidaita. Bai taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Wani ya kawo kwanon shinkafa, wani kifi banda, wani kaza, wani kuma godiya kaɗai, duk ya karɓa da fuska ɗaya.

Amma ni abin da ya fi burge ni da shi, sanin iyakarsa. Akwai ciwon da ko za a cika masa zaure da kuɗi ba ya taɓawa. Idan ƙashi ya huda nama ya fito, ko an bugu a wuya ko gadon baya, ko tsoho ya karye a ƙugu, sai ya ce a nemi mota a tafi babban asibitin Haɗeja, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Wasu su yi ta magiya, su ce ba su da kuɗin mota, sai ya shiga cikin gida ya fito da abin da ya sawwaƙa ya ba su. Ya kan ce hannun ɗan mutane ba wurin gwaji ba ne.

Kuma duk wanda ya ɗora, washegari da an sallame sallar asuba zai je ya duba shi, ko ya aika ɗansa. Zai danna farcen mai ciwo ya ga ko jini ya dawo nan take, ya taɓa yatsu ya ji ko da ɗumi, ya ce a motsa su. Iyaye mata, ku riƙe wannan da kyau. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwana biyu zuwa uku na farko. Idan an matse ɗorin, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, cikin 'yan sa'o'i nama ya fara mutuwa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kuka da yawan yaran da ake kai musu hannu ya riga ya yi baƙi, babu abin yi sai yankewa, alhali asalin abin ƙaramar karaya ce da za ta haɗe cikin makonni kaɗan. Don haka idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka daina ji, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗorin a yi asibiti a daren. Kada a ce wa yaro ya yi jarumtaka.

Sai kuma ɓangaren da ya fi shafar wannan fili, wato gidansa. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, sun haura shekara hamsin tare, kuma ita ce rabin sana'ar. Ba ya ɗora matar aure sai Inna tana wurin, ita ke riƙewa, ita ke shafa mai. Baƙin da suka zo daga nesa suka kwana a zaure, tukunyarta ce ke ciyar da su. Ban taɓa jin muryarsa ta tsallake katanga ba. Duk abin da aka kawo masa hannunta yake miƙawa, ko da kuwa kifi biyu ne. Idan ta yi rashin lafiya da kansa yake hura wuta ya dama mata kunu, abokansa su yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa. 'Yan mata masu rubuto mini suna tambaya wai mene ne so na gaskiya, ga shi nan na nuna muku, babu kati babu turare.

Akwai wani labarinsa da mata suka daɗe suna ba juna. An taɓa kawo masa wata yarinya, amarya, da karaya a tsintsiyar hannu, ta ce wai santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. Baba ya shafa wurin ya yi shiru. Ya san karayar faɗuwa, ya kuma san karayar wanda ya ɗaga hannu ya kare kansa daga sanda. Ya ɗora ta, ya ce Inna ta shiga da ita ciki. Sannan ya aika aka kira mijin da waliyyinta, ya zaunar da su, ya ce wa saurayin: “Ɗana, wannan hannun na ɗora shi, in Allah Ya so zai haɗe. Amma idan aka sake kawo mini ita da irin wannan, ni da kaina zan raka ubanta gaban alƙali.” Bai tona asirin a gari ba, sai bayan shekaru ita matar ta faɗa da bakinta, lokacin har ta aurar da 'yarta ta fari a gidan.

Yanzu tambayar da ke bakin kowa ita ce wa zai gaje shi. Masu ɗori sun yi yawa, har da waɗanda ba su gada ba ba su koya ba, sun dai ga ana samu. Shawarata ga 'ya'ya da jikokin gidajen ɗori, su haɗa gado da boko. A Ingila an yi wani likita, Hugh Owen Thomas, wanda ya rasu a 1891, ɗan gidan maɗora ne kaka da kakanni, ya je ya karanta likitanci, ya ƙera wani ƙarfen tallafe cinya da ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har yau kuma ana kiran ƙarfen da sunansa. Me zai hana jikan Baba ya zama haka? Hannun yana cikin jini, saura takarda.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna da 'ya'ya da jikoki, da dukkan jama'ar Kirikasamma da ƙauyukanta. Inna, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya haɗa ku a Aljanna. Duk wanda yake tafiya da ƙafar da Baba ya ɗora, ko yake noma da hannun da ya gyara, ya saka shi cikin addu'a, ya kuma leƙa ya gai da tsohuwar nan, don yanzu ne take buƙatar jama'a.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.