Jikokin Bayin Bahia da Tarihin Ƙasar Haɗeja

Zuwa ga Edita,

Hausawan da aka kai Bahia ta ƙasar Brazil a matsayin bayi, waɗanda suka shirya tawaye a birnin Salvador a 1807, sun bar zuriyar da har yau take ƙishirwar sanin asalinta, sai dai takardun fataken bayi ba su cika ambaton garin da aka kamo mutum ba. Gwajin ƙwayoyin halitta, wato binciken yawu ko jini don gano dangantaka, yanki kawai yake nunawa. Labarin waɗanda aka rasa yana bakin dattawa, a Guri da sauran ƙasar Haɗeja, inda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka tarwatsa iyalai. Ya kamata Masarautar Haɗeja ta sa a rubuta tarihin gidajen nan tun dattawan suna raye.

Daga wani mai karatu,
Guri, Jihar Jigawa.