Sansanin Hutu Na 'Yan Firamare: A Rage Nisa, Kada A Rage Tsaro

Da zarar hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, wasu makarantun firamare da na Islamiyya kan aika wa iyaye takarda cewa za a fita da yara kwana biyu ko uku, ga kuma abin da kowane yaro zai biya. Al'adar ba baƙuwa ba ce. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana tara matasa a sansanin hutu da aka fi sani da IVC, 'yan agaji ma suna da nasu. Muna goyon bayan a sauko da wannan horo zuwa ga ƙananan yara. Yaron da bai taɓa wanke kwanon da ya ci abinci ba, bai taɓa tashi sallar Asuba ba sai da mahaifiyarsa ta yi ta fama, yakan koyi abin da allo da littafi ba su koya masa ba idan ya kwana biyu cikin tsararrakinsa.

Matsalar ita ce kuɗi, kuma mafi nauyinsu kuɗin mota ne, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A nan ne shugaban makaranta kan shiga jarrabawa: yana son tafiya mai nisa, iyaye kuma ba su da hali, sai a cusa yara talatin a motar da aka yi don mutum goma sha takwas, a ce ai ƙanana ne. Ba mu manta da Bagwai ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau zuwa taron Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara, aka kuma danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Allah Ya jiƙansu. A Disamban 2020 kuwa, 'yan bindiga sun tare ɗalibai kimanin 80 na Mahuta a Jihar Katsina suna hanyar komawa gida da dare, sai dai Allah Ya sa aka kuɓutar da su. Duka biyun a kan hanya suka faru, ba a masauki ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a yanke tafiyar. Sansanin 'yan firamare ba sai an shiga daji ba, kuma a halin da yankunanmu da dama ke ciki, kwana da yara a daji ganganci ne. Makaranta mai katanga da rijiya ko famfo a cikin gari ta wadatar, ko da ta unguwar da ke maƙwabtaka ce, domin ga ɗan shekara tara, kwana a ajin da ba nasu ba ma tafiya ce babba. Kowa ya zo da tabarmarsa, da bargo, da gidan sauro, da kwano da buta. Maimakon kuɗi, a karɓi abinci da mudu: wannan gida shinkafa, wancan wake, wani manja ko ƙuli-ƙuli. Da hantsi a taka da ƙafa zuwa abin da garin ya mallaka. 'Yan cikin birnin Kano suna da Dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, na Katsina suna da Gobarau, na ƙauye kuwa suna da maƙera da masussuka. Da dare a fito tsakar fili a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, a koya musu gane alƙibla ba tare da waya ba. Yawancin yaran birni ba su taɓa ɗaga kai sun dubi taurari da gangan ba.

Abin da ba a yi masa rowa shi ne masu kula. Baden-Powell, wanda ya assasa ƙungiyar 'yan sikawut, da yara 20 kacal ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya kuma kasa su rukuni huɗu. Mu kuwa tun kafin nan Sunna ta koya mana naɗa shugaba ko da matafiya uku ne, ta kuma umarci a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. A kasa su goma-goma, kowane rukuni da amirinsa da babban da zai amsa tambaya a kansu. Ɗakin mata daban, malamai mata ne kaɗai za su kwana da su. Kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko wane ne shi, kuma a yi kwanan zaune bi da bi. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. A san mai ciwon sikila da mai asma tun kafin a tashi, domin sanyin hunturu da ƙurarsa su suka fi taɓawa. Murhu ya yi nesa da makwanci, a kashe shi kafin a kwanta. Ba a shiga ɗaki da gawayi don jin ɗumi.

Akwai kuma batun amana. Sansani ba hanyar samun riba ba ne, kuma bai kamata a ɗora wa iyaye kuɗin sabuwar riga da hula mai tambarin makaranta ba. A rubuta lissafi a manna a bakin ofis, a ware gurbin marayu daga gudummawar masu hali ba tare da an kira sunansu a gaban aji ba. Uban da aka miƙa wa takardar izini yana da haƙƙin ya je ya ga ɗakin da 'yarsa za ta kwana, ya san sunan malamar da za ta kwana da ita, ya karɓi lambar wayarta, sannan ya sa hannu.