Lasisin Dagwalon Masana'antu: Tambayar da Kwarin Binuwai Ke Yi wa Abuja

Garin Ngurore, a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, an fi saninsa da kasuwar shanu da kuma babbar hanyar da ta taso daga Jimeta ta nufi Numan. Rayuwar wannan yanki kuwa a kan ruwa ta rataya: makiyayi yana shayar da garkensa, manomin rani yana ban-ruwa a fadama, masunci yana jefa komarsa a Binuwai. Saboda haka duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da masana'antar takarda ta hanyar amfani da rama da tukar rake maimakon itace, ya kamata masu tsara manufa su dubi wannan kwari da kyau. Rake na nan a Numan, inda kamfanin sukari na Savannah, wanda yanzu yake hannun Dangote, ke noma da ruwan madatsar Kiri. Inda kayan aiki da ruwa suka haɗu, nan mai zuba jari yakan fara leƙawa.

Manyan masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta kafa, wato na Jebba da ya fara aiki a 1969, da na Oku Iboku, da na Iwopin, duk sun durƙushe kafin a sayar da su ga 'yan kasuwa. Ƙasar ta daɗe ba ta ga babbar masana'antar takarda tana aiki gadan-gadan ba, ke nan ma'aikatan da za su sa mata ido ma sun daɗe ba su gwada hannunsu ba.

Aikin takarda aiki ne mai shan ruwa. Ana dafa itace ko kara da soda mai ƙarfi har zarensa ya rabu, abin da ya rage kuma shi ne wani baƙin ruwa mai kauri da ƙuna. Idan ya shiga kogi, ƙwayoyin halittar da ke cinye shi sukan zuƙe iskar da kifi ke shaƙa, sai a wayi gari kifi na yawo a saman ruwa ciki sama. Masana'anta mai tsari tana ƙona wannan baƙin ruwa ta maido da sinadaranta, sauran kuma ta tace shi a manyan tafkuna kafin ta sake shi. Matsalar ita ce ranar da tsarin ya tsaya. A watan Agustan 2011, injinan masana'antar Temple-Inland da ke Bogalusa a jihar Luwiziyana ta Amurka sun sami tangarɗa, baƙin ruwa ya kwarara cikin kogin Pearl, kifi dubu ɗaruruwa suka mutu. Kamfanin yana da lasisi a hannu. A Birazil kuwa, a watan Maris na 2003, jingar wani tafkin da aka tara dagwalon takarda a Cataguases ta ɓalle, fiye da lita biliyan ɗaya ta gangara kogin Pomba da na Paraiba do Sul, aka rufe gidajen ruwa, mutane dubu ɗaruruwa suka kwana ba ruwan sha.

A takarda dai Najeriya ba ta rasa doka ba. Gubar da aka jibge a Koko a 1988 ce ta haifi hukumar FEPA, wadda ta fitar da ƙa'idar iyakance dagwalo a 1991. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992. A 2007 aka kafa NESREA, ta fitar da ƙa'idar bayar da lasisi a 2009, sannan ƙa'ida ta musamman kan takarda da katako a 2013. Sai dai dokar 2007 ta yanka wa kamfanin da ya karya ƙa'idar dagwalo tarar naira miliyan ɗaya, da dubu 50 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. An yi wa dokar gyara a 2018, amma kowane akanta zai iya kwatanta irin wannan tara da kuɗin dizal ɗin da injin tace ruwa ke sha a wata guda, ya gane wanne ya fi araha. Ƙari a kan haka, yawancin alƙaluman da ke isa teburin hukuma kamfanin ne da kansa, ko ɗan kwangilar da ya biya, ya ɗebi ruwan ya auna. An bai wa kura ajiyar nama, ana kuma jiran ta kawo lissafi.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ba sai ya ƙetare teku ba. Kano ta ishe shi. Shekaru da dama majemun Sharaɗa da Chalawa da Bompai suna sakin ruwa mai ɗauke da sinadarin kromiyam cikin Salanta da Chalawa da Getsi da Jakara, ruwan da masu lambu ke ban-ruwa da shi, wanda wani sashensa ke bi ta kusa da matatar Tamburawa. Duk waɗannan dokoki suna nan aka yi wannan ɓarna. Daga baya gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyin gina matatar dagwalo ta haɗin gwiwa da kuɗin Asusun Muhalli, wato talaka ya sha gubar, ya kuma biya kuɗin wanke ta.

Adamawa tana da wani haɗari da Kano ba ta da irinsa. Lasisin zubar da ruwa yana auna abin da ke fita ta bakin bututu a ranar da komai ke tafiya daidai. Binuwai kuwa ba kullum yake kwance ba. A 2012 da 2022, bayan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru a kan damina mai ƙarfi, kogin ya cinye gonaki da ƙauyuka tun daga Fufore har Numan, madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare shi kuma har yau ba a gina ta ba. A watan Yulin 2025, bayan ruwan sama, unguwannin Yola ta Kudu sun sha ambaliyar da ta ci rayuka. Tafkin dagwalon da aka haƙa a fadama, aka kewaye da jingar ƙasa, idan irin wannan ruwa ya hau kansa, abin da aka tara cikin shekara zai fita cikin dare ɗaya. Babu wani ma'auni a bakin bututu da zai nuna haka, domin ba ta bututun zai bi ba.

A ganina a nan ne aikin ma'aikacin tarayya yake, tun fayil bai bar teburinsa ba. Kafin a sa hannu kan rahoton tantance muhalli na kowace masana'anta mai jiƙa a wannan kwari, ko ta takarda ce, ko ta sukari, ko mayanka ta zamani, a tambayi inda ruwan 2012 da na 2022 suka tsaya, a aza taswirar tafkunan a kai. A nemi tafkin ko-ta-kwana wanda zai zauna fanko, da katangar siminti kewaye da kowane tankin sinadari, da janareta na daban ga injin tace ruwa, tun da shi ake fara kashewa idan dizal ya yi tsada. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, babu dalilin da zai hana a rubuta cikin lasisi cewa da zarar ta yi gargaɗi a rage aiki a kuma rage abin da ke cikin tafki.

Sannan akwai batun wanda za a kira. Tsakanin ofishin NESREA na jiha, da Ma'aikatar Muhalli ta Adamawa, da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da ke Yola, da hukumar ruwan sha, kowa na da hurumi, kuma jirgin da matuƙa suka yi wa yawa an san makomarsa. Lasisin ya fito da suna da lambar jami'i guda da kamfani zai sanar cikin sa'o'i ƙalilan, shi kuma ya sanar da gidan ruwa, da sarkin ruwa, da ardo, da dagatan ƙauyukan da ke gangare, kafin shanu su sauka mashaya da hantsi.