Bayan guguwa ta lafa: a ceto magani kafin a ceto kwano

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san yadda ruwan farko yake zuwa. Gari ya ɗauki zafi ya yi tsit, gabas ta haɗa baƙin hadari, ƙura ta taso ja wur, iska ta biyo bayanta. Cikin rabin awa ta gama ɓarnarta ta wuce. Gari na wayewa sai a tarar da kwanon rufi a gidan maƙwabci, dalbejiya kwance bisa katanga, turakun lantarki a karye, wayoyi zube a kan titi. Mutanen Bauchi ba za su manta da Asabar, 16 ga Yunin 2018 ba, kashegarin Ƙaramar Sallah, ranar da guguwa ta hallaka mutane, ta jikkata wasu da dama, ta kuma yaye rufin gidaje masu yawa a cikin garin.

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma abin da ke biyo bayan iska shi ne ke isowa gabana. Wata shekara, kwana uku bayan irin wannan guguwa a garinmu, aka kawo wata yarinya mai ciwon suga tana amai, tana jan numfashi da ƙyar, ba ta gane wanda ke kanta. Da na tambayi mahaifinta labarin allurarta ta insulin, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, an ce mana ba ta zama sai a firji. Wuta ta ɗauke, na ji tsoron ta zama guba, na zubar." Kuɗin da zai sayi wata kuwa ya tafi wurin kafinta da mai kwano. Yarinyar ta tashi, amma da ƙyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kwalbar da ya zubar mai yiwuwa lafiyarta ƙalau.

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayi guda: a gidan da akwai mai ciwo na dindindin, jakar magani ce dukiyar farko da ya kamata a ceto bayan guguwa. Kwano yana iya jira kwana biyu. Mai farfaɗiya ko mai ciwon suga ba ya iya jira.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake faruwa ba. Lokacin da guguwar Mariya ta afka wa tsibirin Puwato Riko da ke ƙarƙashin ikon Amurka a watan Satumban 2017, hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 ne suka mutu. A watan Agustan 2018, bayan binciken da Jami'ar George Washington ta gudanar, aka mai da adadin zuwa 2,975. Bambancin ya fito ne daga waɗanda suka mutu a watannin da suka biyo baya, lokacin da babu wuta, babu ruwa mai tsafta, asibitoci kuma suka kasa aiki yadda ya kamata. Kusan wata 11 aka ɗauka kafin wuta ta koma ko'ina a tsibirin.

Na san wani zai ce ai mu mun saba da rashin wuta. Gaskiya ne, amma ɗaukewar wuta ta yau da kullum daban, faɗuwar turaku daban. Ta farko awanni ce. Ta biyu tana iya kai kwanaki ko makonni, kuma tana zuwa da rakiya: rijiyar burtsatse ta daina ba da ruwa, waya ta mutu, mai POS ya ce babu sabis, kuɗin gida duka ya karkata wajen gyara. Wanda ya ga yadda jihohin Arewa da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024 ya san yadda ƙanƙara take tsada, da yadda abin da ke firji yake lalacewa.

Mu fara da insulin. Wadda ba a buɗe ba ana ajiye ta ne a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Amma fitowarta daga firji ba ya lalata ta nan take. Yawancin nau'o'inta suna riƙe ƙarfinsu har kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma takardar da ke cikin kwalin tana faɗin adadin kwanakin kowane nau'i. A shekarar 2021, masu bincike na Jami'ar Janeba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi bisa irin zafin da ake samu a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sun tarar insulin ta riƙe ƙarfinta tsawon mako huɗu. Abin da ke kashe ta shi ne zafi mai tsanani da ba ya sauka, da hasken rana kai tsaye, da daskarewa.

Saboda haka, idan wuta ta ɗauke, ku rubuta ranar a jikin kwalbar, ku nemi wuri mafi sanyi a gidan. Da tsohuwar zuma ake magani: randa ta fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Don kayan miya ya yi ta, amma tana yi wa insulin amfani. Ku sa kwalbar cikin ƙaramar roba mai murfi don kada ruwa ya shafe rubutun jikinta, ku ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa, ku riƙa jiƙa yashin. In kun samu ƙanƙara, kada kwalbar ta taɓa ta, ku naɗe ta da ƙyalle tukuna, domin insulin da ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke. Idan wadda aka sani garai-garai ta yi duhu-duhu, ko mai kama da madara ta yi gudaji, ko suga ya riƙa hawa ba dalili, a sauya ta. Amma kada mai dogaro da insulin ya zauna haka nan ba allura yana jiran wuta ta dawo. Ya ci gaba da wadda ke hannunsa, ya yawaita gwajin suga, ya nemi sabuwa a ranar. Haka kuma, a kwanakin da girki ya rikice, wanda ya yi allura ko ya sha ƙwayar rage suga bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa. In ya fara rawar jiki da gumi da jiri, a ba shi ruwan sukari nan take, muddin yana iya haɗiya.

Firji da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabin kaya kuwa awa 24. Ku hana yara buɗe-buɗe. Maganin ƙwayoyin cuta na yara da ake haɗawa da ruwa, wasu irinsa sai a firji, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne bayan an haɗa. Ku kawo kwalbar mu duba, kada ku tsayar da shi da kanku.

Sai maganin da ruwa ya taɓa. Ƙwayar da ke cikin falankinta na asali, ba a huda ba, galibi lafiyarta lau. Wadda aka ƙirga a farar takarda ko leda ta jiƙe, ta yi laushi, ta manne ko ta sauya launi, a zubar, kada a shanya ta a rana kamar kuɓewa. Amma a maye gurbinta da sauri, domin akwai magungunan da yanke su farat ɗaya haɗari ne: na farfaɗiya, na hawan jini da zuciya, na tarin fuka, na ƙanjamau, na taɓin hankali, da irin su firednisolon ga wanda ya daɗe yana sha. Abin da ke ɓata mana lokaci a kullum shi ne mara lafiya ya zo ya ce, "Wata 'yar farar ƙwaya ce ƙarama." Fararen ƙwayoyi ƙanana ba su ƙirguwa. Ku rubuta sunan kowane magani da ƙarfinsa da yadda ake sha a takarda, ku sa a leda, ku kuma ɗauki hotonsa a waya.

Masu asma su ne ƙurar da ke gaban hadari ta fara bugu. Na'urar turaren magani ba ta aiki sai da wuta, amma abin shaƙa na hannu ba ya buƙatarta. Bincike a Afirka ta Kudu ya nuna cewa robar lemo mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, tana taimaka wa yaro ya shaƙi maganin sosai. Ku nemi ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake haɗa ta tun kafin buƙata ta taso. Wanda kuwa yake amfani da na'urar iskar oksijin a gida, ko yake zuwa wankin ƙoda, tun yanzu iyalinsa su san asibitin da za su nufa da wanda zai kai su.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro: janareta. Tsoron ɓarawo ko ruwan sama kan sa a shigo da shi zaure, ko kicin, ko ƙarƙashin matakalar bene. Garin neman gira sai a rasa ido. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sha farasitamol a koma barci. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda janareta na aiki, a fita waje nan take, a kashe shi, a tafi asibiti. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake kisa. Kananzir da fetur kuma kada a zuba su a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin man na iya faɗawa huhu. A garzaya da shi asibiti.

Ranar kwashe ɓaraguzai ranar rauni ce. Yankan kwano da sukar ƙusa a wanke su da ruwa mai tsafta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsafta har jini ya tsaya. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da baƙin mai. Cutar tetanas, mai sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, ta irin waɗannan raunuka take shiga. Wanda rauninsa ya yi zurfi ko ya yi datti, in ya haura shekara 5 rabonsa da allurar rigakafinta ko bai san yaushe aka yi masa ba, ya je a yi masa a ranar. Wayar lantarki da ke ƙasa kuwa a ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwa duka tana cikin duhu, domin ana iya maido da wuta ba sanarwa.

Idan famfo ya tsaya aka koma rijiya ko ruwan 'yan garuwa, a tafasa na sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Yaron da ya kamu da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tare da ƙwayar zink tsawon kwana 10 zuwa 14. In babu na fakiti, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Masu sikila su yawaita shan ruwa, domin zafi da ƙishirwa suna tayar musu da ciwo.

Wani zai ce, talakan da ke sayen magani na kwana uku-uku ina ya ga kuɗin ajiya? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Amma yawancin abin da na lissafa ba ya cin ko sisi: takarda, leda, randa, da sanin inda za a je. Wanda ya samu hali, daga watan Afrilu zuwa Yuni kada ya bari maganinsa ya ƙare ƙarƙaf, ya sabunta tun da sauran na mako guda. Maƙwabcin da Allah ya hore wa sola, ya ba masu insulin na layinsu gurbi a firjinsa. Hukumomin ba da agajin gaggawa, da ke kai shinkafa da kwano da katifu, ya kamata su riƙa tafiya da ma'aikacin lafiya da allurar tetanas da ORS da magungunan masu ciwo na dindindin. Kamfanonin rarraba wuta kuma su fara da layin asibiti kafin kowane layi, domin a can ake ajiye jini da alluran rigakafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hadarin bana ya haɗu, ku tara magungunan gidan wuri ɗaya a roba mai murfi, ku sa takardar sunayensu da katin asibiti da tocila a ciki, ku ɗora ta inda ɗigar ruwa ba ta kaiwa, kowa a gidan ya san wurin. Duk abin da ya shige muku duhu game da wani magani, ku ɗauko shi da kwalinsa ku kawo ɗakin magani mafi kusa kafin ku zubar. Allah Ya kawo damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin iska.