Filin Addinin Musulunci: Firgitar Da Ke Zuwa Ba Sallama

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda masu shi da yawa su ke ɓoyewa, don gudun kada a ce sun zautu, ko kuwa a ce imaninsu ne ya yi rauni.

Ga yadda abin ya ke. Mutum yana zaune a rumfarsa a Kantin Kwari yana auna wa mai saye yadi, ko yana ofis yana duba takardu, ko ma yana tsaye a sahu ran Jumma'a, lafiyarsa lau, ba wanda ya zage shi, ba a kuma kawo masa mugun labari ba. Kwatsam sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe kamar an shaƙe shi, zufa ta karyo, jiki ya ɗauki ɓari, yatsu da leɓuna su sage, jiri ya ɗebe shi. Wani ya kan ji kamar abin da ke gabansa duk mafarki ne. Abin da ya fi tsanani kuwa shi ne sakankancewar da ke sauka a ransa cewa ajali ne ya zo, ko kuwa hankalinsa ne zai gushe a bainar jama'a. Sai ya kama kalmar shahada. Cikin kamar minti 10 abin ya kai maƙura, kafin rabin sa'a galibi ya lafa, ya bar shi liƙis kamar wanda ya yini yana dako. A kwashe shi zuwa asibiti, a auna jini, a auna zuciya, likita ya ce ba a ga kome ba.

To, daga wannan magana ta likita ne wahala ta ke somawa. Tun da asibiti ba su ga kome ba, sai dangi su ce iska ce. Abokan kasuwa su ce sammu ne, har a fara nuna maƙwabcin rumfa da baki. A ofis a ce wanda ke harin kujerarsa ne ya yi masa asiri. Wani mai nasiha kuma ya zo ya ce masa ai da ya cika tawakkali da bai ji tsoro ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo, domin ta ƙara wa mara lafiya zargin kansa a kan abin da ba shi da iko a kai.

Likitoci sun san wannan abu sarai. Larabawan yau suna kiransa naubatul hala'i, mu kuwa sai mu ce firgitar farat ɗaya. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jikin ɗan Adam wani shiri na kuɓuta daga haɗari. Idan kura ta ɓullo wa mutum a daji, nan take waɗansu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda su kan zuba wani ruwa mai suna adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙara sauri, jini ya tafi ga damatsa da cinyoyi, don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce. Firgitar farat ɗaya kuwa ita ce wannan shiri ya tashi alhali ba kura, ba ɗan fashi. Saurin numfashin ya kan fitar da iskar da a ke kira kabondayokzaid fiye da kima, shi ne abin da ke kawo jiri da sagewar yatsu. Mutum ya ji waɗannan alamu, ya ce lalle zuciyata ce za ta tsaya, sai tsoro ya ƙaru, alamun su ma su ƙaru. Wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya bayyana wannan zagaye a 1986, a kansa ne kuma aka gina mafi yawan hanyar maganin da a ke bi yanzu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuwa tun 1980 ta ware ciwon da sunansa. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya haɗa ƙasashe 25, ya nuna kimanin mutum 13 cikin 100 sun taɓa gamuwa da wannan firgita a rayuwarsu, amma waɗanda ta zame wa ciwo mai maimaituwa ba su kai 2 cikin 100 ba. Watau a kowane sahu mai tsawo na masallacin Jumma'a da wuya a rasa wanda ya san ta.

Kada kuwa wani ya ce wannan ilmin Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware babi guda a ciki don tsoro da firgita, wani don baƙin ciki, wani don waswasi, ya kuma ɗauke su cututtuka masu magani kamar na jiki. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi tunani nagari tun yana cikin natsuwa, yadda a ke ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Shehin malamin nan na Sudan, Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara wannan sashe zuwa Turanci a 2013.

Yanzu sai mu koma ga batun imani, domin nan ne aikin wannan fili. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratu Ɗaha cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa sa'ad da masu sihirin Fir'auna suka jefa igiyoyinsu. A Suratu Hudu an gaya mana Annabi Ibrahim ya tsorata da baƙinsa da ya ga ba su miƙa hannu ga abinci ba. A Suratul Ahzabi an siffanta halin da Musulmi suka shiga ran yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, yadda zukata suka taso har maƙogwaro. Buhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah ya komo daga kogon Hira zuciyarsa tana makyarkyata, ya nemi a lulluɓe shi. Ba muna cewa abin da ya sami waɗannan bayin Allah ciwon da mu ke magana a kai ba ne, Allah ya tsare mu da faɗin haka. Nasu tsoron yana da dalili bayyananne. Abin da mu ke so a lura shi ne, bugun zuciya da rawar jiki halin tsoka da jini ne, sun sami mafifitan halitta, ba su kuwa rage musu kome a imani ba. A kuma dubi abin da Nana Hadiza ta yi. Ba ta tuhume shi ba. Ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi, ta tuna masa kyawawan halayensa, sa'an nan ta kai shi wurin mai sani, Waraƙa ɗan Naufal. Duk mai jiyyar mai firgita ya ɗauki darasi a nan.

Mai yiwuwa wani almajiri ya ce ai kalmar hala'i ta zo a Suratul Ma'ariji, aka kuma toge masu salla daga cikinta. Haka ne, amma ayoyin da ke biye sun fassara ta da kansu: hali ne na raki in sharri ya zo, da rowa in alheri ya samu. Ɗabi'a ce a ke zargi a wurin. Ciwon da ke faɗa wa mutum yana tsakiyar ruku'u wani abu ne dabam. Shi yana cikin abin da hadisin Abu Sa'id da Abu Huraira ya ambata, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa gajiya da ciwo da damuwa da baƙin ciki duk Allah yana kankare wa Musulmi zunubi da su.

Ita kanta firgitar, ko da ya ke tana da azaba, ba ta kisa, ba ta kuma haukatarwa. Ɓarnarta tana cikin abin da ke biyo baya. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda abin ya same shi a mota sai ya daina tafiya saro kaya Legas ko Onitsha. Wanda ya same shi a taron ofis sai ya riƙa ƙirƙiro uzuri duk ran da aka kira taro, har a ɗauke shi malalaci. Wanda ya same shi a masallaci sai ya koma sahun baya kusa da ƙofa, daga nan ya koma salla a gida, daga nan Jumma'a ta gagare shi. Wani likitan Jamus, Westphal, ya siffanta wannan hali a 1871, sunan da ya ba shi kuwa daga Girkanci ya ke, ma'anarsa tsoron kasuwa. Ɗan kasuwar da kasuwa ta zame masa dodo, ina abincin iyalinsa? Kowane gudu yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara tabbatar wa zuciya cewa wurin ne mai haɗari, har duniya ta ƙuntata ta zama ɗaki guda.

Malamanmu na Malikiyya sun lissafa ciwo mai tsanani cikin uzurorin barin Jumma'a, saboda haka wanda ciwon ya kayar ba ya cikin masu barinta don sakaci, waɗanda hadisi ya yi wa kashedi. Amma shawararmu ita ce kada ya mai da uzurin mazauni. Ya tafi tare da ɗan'uwan da ya san halinsa, ya tsaya a gefen sahu. In abin ya taso yana cikin salla, tsayuwa ta gagara, ya zauna ya ƙarasa, domin Manzon Allah ya ba Imrana ɗan Husaini izinin yin salla a zaune sa'ad da tsayuwa ta yi masa wuya. Duk ran da ya daure har firgitar ta zo ta wuce yana wurin, ya rage mata ƙarfi.

Ba mu musun samuwar aljannu, ba mu musun sihiri, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma ɗora wa maƙwabci laifin sammu ba da hujja ba zato ne, Suratul Hujurati kuwa ta hana mu yawan zato. Zuwa wurin boka ya fi wannan muni, domin Muslim ya ruwaito cewa ba a karɓar sallar wanda ya je ya tambaye shi har kwana 40. Jarin mutane da yawa ya ƙare a baƙin bunsuru da turaren hayaƙi, ciwon yana nan inda ya ke. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halal ce, mutum kuwa yana iya yi wa kansa da Falaƙi da Nasi ba sai ya biya kowa ba. Sai dai wanda ya koya mana ruƙiyya shi ne kuma ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wurin Abu Dawuda da Tirmizi. A haɗa su biyun.

Matakin farko shi ne ganin likita, ba don kome ba sai don akwai cututtukan da ke kama da wannan: ciwon zuciya, da asma, da ƙarancin sukari a jini, da ciwon halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, kada ya tsaya cewa firgita ce, a kai shi asibiti nan da nan. In an tabbatar firgita ce, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen wannan fanni a asibitocin koyarwa. Shiga can ba shaidar hauka ba ce. Ma'aikata su sani cewa a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Magani iri biyu ne. Akwai na zama da masani, inda a ke koya wa mutum gane alamun jikinsa da komawa wuraren da ya ƙaurace wa sannu a hankali. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda su kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya. Galibinsu sau ɗaya a ke sha a yini, don haka mai azumi ya nemi likita ya daidaita masa lokaci. Amma sayen Valium a kemis ba da takardar likita ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. A kuma rage goro da gahawa da shayi mai kauri, da yawan kwana ido biyu a kan lissafi, domin duk suna tunzura zuciya.

In abin ya taso, mutum ya zauna, ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya fitar da shi a hankali fiye da yadda ya ja, yana tasbihi ɗaya a kowace fitarwa, yana tuna wa kansa cewa wannan ta taɓa zuwa ta wuce. Na kusa da shi kuma kada su yi masa zobe, kada a danne shi, kada a yi ta kwarara masa ruwa ana salati da ƙarfi kamar an yi rasuwa. Mutum ɗaya ya isa, ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana da taushi, ya kori 'yan kallo.

Maniyyata aikin Hajji masu wannan ciwo su shaida wa likitocin hukumar alhazai tun a gida, su tafi da maganinsu da takardarsa, su zaɓi lokacin da cunkoso ya ragu don ɗawafi, ko su hau bene. Hukuncin wakilci wajen jifa kuwa su tambayi malaman bita kafin a tashi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.