Babban Mutum: Kimiyyar da gonakinmu ke nema tana tsallaken iyaka

Duk mai leƙa Facebook ya san irin murnar da muke yi da manyan ayyukan da suka sauka a Daura: Jami'ar Sufuri ta Tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta Daura. Madalla. Amma je ka Babban Mutum a ƙaramar hukumar Baure ka tambayi manomin gero damuwarsa. Zai ce maka ƙasa ta gaji, iska na kwaso yashi ta binne shuka, buhun taki kuma ya fi ƙarfin aljihunsa.

Wani ɓangare na maganin yana nan kusa. Hanyar da ta fita daga Babban Mutum ta tsallaka iyaka, Magarya take kai ka, a jihar Damagaram. Can ne, da Matamaye da Mirya, manoma suka cika gonakinsu da gawo bayan farin shekarun 1980, ba tare da sun dasa shi ba. A Maraɗi kuma, tun 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ake sarewa lokacin sharar gona saiwoyinsu na nan da rai. In ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi, bishiya za ta tashi da sauri fiye da dashe. Sassaben zamani ke nan. Da masana suka auna da hotunan tauraron ɗan adam, sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200.

Me ya sa gawo? Shi fa da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya hana gero rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Kakanninmu sun san haka, kimiyya ta zo ta tabbatar da lissafi.

Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, kuma dashe abu ne mai kyau. Sai dai kowa ya sani, dashen da ba a bi shi da ban-ruwa ba, da wuya ya ga wata damina. Kututture kuwa saiwarsa ta riga ta nutsa ƙasa.

Gaskiya akwai cikas. Wa zai raini gawo shekara biyar, rana ɗaya mai gatari ya zo ya sare? A Nijar abin ya kankama ne da manoma suka samu tabbacin cewa bishiyar da suka raina tasu ce. Nan ne masarauta, hakimai da dagatai za su shigo, a zauna da manoma da makiyaya da masu ice a yi doka da kowa ya yarda da ita.

Mu kuma matasa, wayar nan ta hannunmu ita ce jarinmu. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina: lokacin saukar ruwa, tsawonsa, da inda za a samu tsaikonsa. Manomi nawa ne a Baure yake jin sa kafin ya zuba iri? Ɗauko na yankinku, ka karanta shi da Hausa a saƙon murya, ka tura WhatsApp ɗin ƙauyenku. Ka ɗauki bidiyon dattijon da ya iya sassabe ka ɗora a TikTok. Ɗaliban kwalejin Daura kuma, maimakon kundin kammala karatun da ƙura za ta cinye a kabad, ku zaɓi gona guda a Babban Mutum, ku ƙirga bishiyoyinta, ku auna damin da ta bayar bana da baɗi.

Jirgin ƙasa zai iso in Allah ya yarda. Kafin nan, mu gyara gonar da za ta ba shi kayan ɗauka.