Aikin ƙugu: a sa wa ƙashi hula ko a sauya shi gaba ɗaya?

Wata uwa ta rubuto mana daga Madakiya, kusa da Kafanchan. Ɗanta mai sikila ne, ya kusa shekara 30, kuma ciwon ƙugu ya raba shi da gonar citta. Likita ya ce kan ƙashin cinyarsa ya mutu, sai an yi aiki. Ƙanensa ya gani a intanet cewa akwai aikin da ba a yanke ƙashi, shi ne gardama ta ɓarke a gida.

Kan ƙashin cinya dunƙule yake, yana juyawa cikin wani gurbi a kwankwaso. A aikin da aka saba, wanda John Charnley ya kafa a Ingila a 1962, ana yanke kan baki ɗaya, a soka sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, a ɗora ƙwallon ƙarfe ko tangaran, a shimfiɗa wa gurbin roba mai tauri. A ɗayan kuwa, wanda ya yaɗu daga Birmingham tun 1997, fere kan ake yi, a kifa masa hular ƙarfe, gurbin ma a sa masa ƙarfe. Shi aka yi wa ɗan wasan tanis Andy Murray a 2019, ya koma fili.

Ƙanen bai yi ƙarya ba. Hula tana barin ƙashi da yawa, kuma ba ta cika gocewa ba, abin da manomi mai yini a sunkuye zai so ya ji. Sai dai hula kai take nema. A sikila jini ne ke toshewa har kan ƙashin ya mutu ya lotsa, ruɓaɓɓen ƙashi kuwa ba ya riƙe ƙarfe, wuyansa ma na iya karyewa bayan aiki. Ga kuma ƙura: ƙarfe na gogar ƙarfe, ƙwayoyin kobalt da kuromiyam su shiga jini, ƙoda ce ke fitar da su, ƙodar mai sikila kuwa sau da yawa ta riga ta wahala. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa ASR saboda yawan lalacewa. Yau galibi namiji mai ƙarfin ƙashi, ɗan ƙasa da shekara 60, ake yi wa hula, mata kuma ana kauce musu.

Don haka, Mama, in likitan ƙashi ya ce a sauya gaba ɗaya, ba rowa ya yi muku ba. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce ƙuruciyar yaron: wani nazari a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin wannan dashe ne ke kai shekara 25, wato mai yiwuwa ya sake shiga tiyata wata rana.

Ku karɓi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jos, ko na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ku tambaya ko likitan jini zai duba shi kafin aiki, ko an tanadi jini, da kuma yaushe zai iya tsugunno ko hawa babur. Kafin nan a riƙe sanda, a daina kai shi wurin mai ɗori, domin ba karaya ba ce.